Lalube Cikin Hikima: Manhajojin Da Ke Gano Saiti Mafi Kyau Ba Tare Da Ɓarnar Gwaji Ba

Duk wanda ya taɓa zama inda sabis ke wahala ya san wannan rawar. Mutum zai ɗaga waya sama, ya matsa bakin taga, ya duba sandunan sabis, ya fita tsakar gida, ya sake dubawa. Idan sandar ta ƙaru sai ya ci gaba ta nan, idan ta ragu sai ya juya. Bai san inda turken sabis yake ba, bai san lissafin yadda sigina ke ratsa bango ba. Abu ɗaya kawai yake da shi: ya gwada wuri, ya ga sakamako.

Wannan laluben fanni ne guda a ilimin lissafi da kwamfuta, kuma akwai manhajoji da aka gina musamman dominsa. Da su ake daidaita ƙirƙirarriyar basira, ake ƙera eriya, ake saita injina da manhajojin wasa. Darasin yau zai bayyana matsalar da suke warwarewa, dabarun da ke cikinsu, fitattu daga cikinsu, da yadda mai karatu zai gwada ɗaya da wayar da ke hannunsa.

Mene ne matsalar?

A ɗauka akwai wani akwati rufaffe mai maɓallai a jikinsa. Idan aka murɗa maɓallan aka danna, sai ya fitar da lamba ɗaya. Abin da ake nema shi ne saitin da zai ba da lamba mafi girma, idan riba ce ko inganci, ko kuma mafi ƙanƙanta, idan asara ce ko ɓata lokaci. Masana na kiran irin wannan baƙin akwati, domin ba a ganin abin da ke gudana a cikinsa.

A lissafin da ake koyarwa a manyan makarantu akwai hanya mai sauƙi ta wannan nema. Idan an san dokar lissafin da ke cikin akwatin, ana iya fitar da ma'aunin gangararsa, wato abin da ke nuna ta wane ɓangare ƙasa ta karkata da kuma tsananin karkatar. Wanda ke kan tudu da rana yana ganin gangara, ba ya buƙatar lalube. Da wannan ma'auni ake horar da manyan manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu biliyoyin lambobi, kuma duk inda ake samunsa, shi ya fi dacewa a bi.

Amma sau da yawa ba a samunsa. Wani lokaci akwatin tsohuwar manhaja ce ta wani kamfani da ba ya bayyana abin da ya rubuta. Wani lokaci gwaji ne na zahiri a ɗakin bincike ko a gona. Wani lokaci kuma ra'ayin mutane ne, kamar yawan waɗanda suka danna wani talla. A nan ne ake komawa ga dabarun da ba sa buƙatar ma'aunin gangara, waɗanda ke aiki da sakamakon gwaji zalla.

Abubuwa biyu da ke sa aikin ya yi wuya

Na farko tsada. Da a ce gwaji kyauta ne, sai a gwada komai a huta. To amma a duba wannan lissafi: akwati mai maɓallai 6, kowane maɓalli ana son gwada matsayi 10. Haɗuwarsu duka ta kai gwaji miliyan 1. Idan kowane gwaji na cin minti 10, ana buƙatar kimanin shekara 19 ba dare ba rana. Ƙara maɓalli ɗaya tak zai mayar da shekarun kusan 190. Ke nan wanda ke da damar gwaji 100 kacal dole ya san inda zai kashe kowane ɗaya.

Na biyu rawar sakamako, abin da masana ke kira hayaniya. Ma'anarsa a gwada saiti ɗaya sau biyu a sami amsa biyu mabambanta. Duk mai auna saurin intanet a waya ya san haka: yanzu ya ga lamba, bayan daƙiƙa 30 ya ga wata, alhali bai motsa daga inda yake ba.

Wani zai ce, me zai hana a ƙiyasta gangarar da hannu? A murɗa maɓalli kaɗan, a ga yadda sakamako ya sauya, a raba sauyin da girman murɗin. Ana yin hakan, amma yana da aibi biyu. Idan maɓallai 20 ne, ana buƙatar gwaji 21 kafin a ɗaga ƙafa sau ɗaya. Sannan hayaniya tana lalata lissafin. Misali, idan kowane awo na iya kaucewa da 0.5, kuma murɗin da aka yi 0.01 ne, kuskuren awo biyu zai iya kai 1, in aka raba shi da 0.01 ya zama 100. Sai kwamfuta ta ga gangara mai tsanani a wurin da ƙasa take shimfiɗe. Maimaita awo yana rage rawar, amma da tsada: sai an maimaita sau 4 kafin ta ragu da rabi, sau 100 kafin ta koma kashi ɗaya cikin goma.

Dabara ta farko: lalube kai tsaye

Wannan ita ce mafi tsufa. A gwada wasu wurare kusa da inda ake, a koma wanda ya fi, idan babu wanda ya fi a rage faɗin taku. A 1961 Robert Hooke da T. A. Jeeves suka wallafa dabararsu da ta yaɗa sunan lalube kai tsaye. Bayan shekara 4, a 1965, John Nelder da Roger Mead suka fito da wadda ta fi kowace shahara har yau. Mutanen biyu masana ƙididdiga ne da ke aiki a wata cibiyar binciken kayan lambu a Wellesbourne da ke Ingila.

Ga yadda dabarar Nelder da Mead ke aiki, da misalin mai saita farantin satalayit, wanda aka fi sani da dish. Yana da abu biyu da zai murɗa: juyawa gefe da ɗagawa sama. Zai fara da gwada wuri uku. A gefe 10 sama 20, sigina ta nuna 40. A gefe 14 sama 20, ta nuna 64. A gefe 10 sama 24, ta nuna 56. Waɗannan wurare uku sun zama kusurwoyin alwatika.

Mafi muni shi ne na farko. Sai a nemo tsakiyar sauran biyun, wato gefe 12 sama 22, a tsallakar da mummunan wurin ta kan wannan tsakiya zuwa ɗaya ɓangaren, ya sauka a gefe 14 sama 24. A nan sigina ta nuna 80, ta fi duk na baya. Tunda hanyar ta yi kyau, dabarar za ta ƙara faɗin taku ta gwada gefe 16 sama 26, inda aka sami 88. Sai a jefar da wurin farko, a riƙe wannan sabon, a sake duba wane ne mafi muni a cikin ukun da suka rage. Idan tsallaken bai haifar da ɗa mai ido ba, alwatikar sai ta tsuke. Haka za ta yi ta birgima, tana miƙewa tana tsukewa, har ta taru a wuri ɗaya. Idan maɓallai sun fi biyu, kusurwoyin kan zama adadin maɓallan da ƙarin ɗaya.

Sauƙinta ya sa take ko'ina. Ita ce ke cikin umarnin fminsearch na MATLAB, tana kuma cikin SciPy na yaren Python. Sai dai tana da rauni. A 1998 K. I. M. McKinnon ya nuna misalin matsala mai maɓallai biyu kacal, mai santsi, mai rami ɗaya, inda alwatikar ke tsukewa a wurin da ba shi ne mafi kyau ba. Tana kuma yin rauni idan maɓallai suka yi yawa, sannan hayaniya kan sa ta tsuke da wuri.

Domin toshe irin wannan ɓaraka aka samar da dabarun lalube masu hujjar lissafi a bayansu. Fitacciya ita ce MADS, wadda Charles Audet da John Dennis suka wallafa a 2006. Manhajar NOMAD, da ake kula da ita a birnin Montreal na Kanada, a kanta aka gina ta. An san NOMAD da jure wa akwatunan injiniyoyi masu taurin kai, waɗanda wani lokaci ko amsa ba sa bayarwa sai dai su tsaya cak.

Dabara ta biyu: zana taswirar wucin gadi

Lalube kai tsaye yana kwatanta sakamako ne kawai, wannan ya fi wancan. Dabara ta biyu tana amfani da lambobin da kansu. Daga wuraren da aka riga aka gwada, kwamfuta za ta zana wata taswira mai sauƙi, mai siffar kwano, da ta ratsa dukansu. Neman gindin wannan kwano ba ya cin komai, domin dokar lissafinsa sananniya ce. Sai a je wurin a yi gwaji na gaske. Idan sakamako ya yi daidai da hasashen taswira, an ƙara yarda da ita, a faɗaɗa da'irar da ake aiki a ciki. Idan ya saɓa, a tsuke da'irar a gyara taswira.

Gwarzon wannan fanni shi ne Michael Powell na Jami'ar Cambridge, wanda ya rasu a 2015. Ya bar manhajoji da har yanzu ake dogaro da su: COBYLA ta 1994, UOBYQA ta 2002, NEWUOA, BOBYQA ta 2009, da LINCOA. Hikimar NEWUOA da BOBYQA tana wajen tsimi. Cikakken kwano na maɓallai 20 yana buƙatar gwaji 231 kafin a zana shi. Su kuwa suna iya farawa da 41, wato ninki biyu na maɓallan da ƙarin ɗaya, su riƙa gyara taswirar a hanya.

Powell ya rubuta manhajojinsa da tsohon yaren Fortran 77, kuma karanta su sai gwani. Shi ya sa Zaikun Zhang ya ɗauki aikin sake rubuta su da tsarin zamani a ƙarƙashin sunan PRIMA. Masu bincike a Jami'ar Oxford kuma, cikinsu da Coralia Cartis da Lindon Roberts, sun fitar da Py-BOBYQA da DFO-LS da yaren Python. Waɗannan biyun suna da tanadi na musamman domin hayaniya: suna iya maimaita awo su ɗauki matsakaici, kuma idan suka lura rawar sakamako ta fara ruɗa su, sai su sake buɗe da'irar su tashi daga inda suka tsaya.

Wannan iyali ya fi ƙarfi idan akwatin mai santsi ne, wato ƙaramin murɗi na kawo ƙaramin sauyi. Abin lura shi ne ramin da ke kusa da inda aka fara suke nema. Idan akwai wani mai zurfi a can nesa, ba lallai su gan shi ba.

Dabara ta uku: tura runduna

Maimakon mai lalube ɗaya, a watsa da yawa. A kowane zagaye a riƙe waɗanda suka yi kyau, a samar da sababbi daga gare su. A wannan iyali akwai dabarar garken tsuntsaye ta James Kennedy da Russell Eberhart ta 1995, da dabarar Rainer Storn da Kenneth Price da ke cikin SciPy da sunan differential_evolution. Hukumar NASA ta yi amfani da dabara irin wannan wajen ƙera eriyar kumbunan ST5 da aka harba a 2006. Eriyar ta fito da siffar lanƙwasasshiyar waya da da wuya injiniya ya zana da hannunsa, amma ta yi aikin da ake so.

Wadda masana suka fi girmamawa a nan ita ce CMA-ES, ta Nikolaus Hansen da Andreas Ostermeier, da ta fara bayyana a 1996 aka kammala fasalinta a 2001. Tana watsa gwaje-gwaje kamar gajimare kewaye da wuri ɗaya. Bayan kowane zagaye sai ta matsar da tsakiyar gajimaren zuwa inda aka fi samun nasara, ta kuma sauya siffarsa. Idan kwarin da ake bi dogo ne siriri, gajimaren zai miƙe ya bi shi. Ga matsala mai maɓallai 10, takan fitar da gwaji 10 a kowane zagaye idan ba a sauya mata saiti ba. Jerin matsayi take dubawa, wane ya zo na ɗaya wane na biyu, don haka lamba ɗaya da ta yi tsalle fiye da kima ba ta cika ruɗa ta ba. Aibinta yawan ci: takan buƙaci ɗaruruwa zuwa dubban gwaji. Ana samun ta a Python da sunan cma.

Dabara ta huɗu: taswira mai sanin iyakar saninta

Idan kowane gwaji na cin sa'o'i ko maƙudan kuɗi, wannan ce aka fi komawa gare ta. Tushenta na da alaƙa da haƙar ma'adinai. A farkon shekarun 1950, injiniya Danie Krige na Afirka ta Kudu ya yi aiki kan yadda za a ƙiyasta yawan zinare a ƙarƙashin ƙasa daga ramukan gwaji ƙalilan. Daga baya aka ɗauko wannan tunani zuwa kwamfuta, kuma takardar Donald Jones da Matthias Schonlau da William Welch ta 1998 ta taimaka ƙwarai wajen yaɗa shi. Ana danganta dabarar da sunan Bayes, saboda dokar lissafin da take bi wajen sabunta hasashe idan sabon bayani ya zo.

Misalinta mai haƙa rijiyar burtsatse ne da ke da kuɗin rami 5 kacal a babban fili. Ya haƙa biyu, ɗaya ya ba da ruwa kaɗan, ɗaya ya bushe. Ina zai haƙa na uku? Kusa da mai ruwan, inda yake da tabbacin samun wani abu, ko can gefen da bai taɓa ba, inda wataƙila ruwa ya fi yawa, wataƙila kuma babu? Taswirar Bayes tana ba da abu biyu a kowane wuri: hasashen sakamako, da girman shakkar da ke kan hasashen. Sai manhaja ta haɗa su ta zaɓi wurin da ake sa ran zai fi kawo ci gaba. Hayaniya ma tana da gurbi a cikin taswirar tun asali, shi ya sa ba ta gaskata awo ɗaya ɗari bisa ɗari.

Da wannan dabara kamfanin DeepMind ya daidaita saitin AlphaGo. A bayanin da masu bincikensa suka wallafa a 2018, daidaitawar da aka yi kafin karawa da Lee Sedol a watan Maris na 2016 ta ɗaga nasarar manhajar daga kashi 50 zuwa kashi 66.5 cikin ɗari a wasannin da take yi da kanta. Google kuma ya bayyana manhajarsa Vizier a 2017, har ma'aikatansa suka gwada ta wajen neman haɗin biskit mai cakulan mafi daɗi, inda ake gasawa mutane su ɗanɗana su ba da maki. Facebook ya saki Nevergrad a 2018, wadda taska ce ta dabaru iri-iri, sannan Ax da BoTorch a 2019. A Japan, kamfanin Preferred Networks ya fitar da Optuna a 2018.

Optuna na da wata hikima ta tsimi. Idan gwaji mai tsawo ne, kamar horar da manhaja, tana leƙa sakamakonsa tun yana tsakiya, in ta ga ya gaza na baya sai ta yanke shi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Iyakar dabarar Bayes ta asali ita ce ta fi ƙarfi idan maɓallai ba su wuce kimanin 20 ba, kuma zana taswirar kansa yana yin nauyi idan gwaje-gwaje suka kai dubbai.

Idan maɓallai da yawa ga kuma hayaniya

Akwai wata dabara da James Spall na Jami'ar Johns Hopkins ya wallafa a 1992, mai suna SPSA. Maimakon murɗa maɓallai ɗaya bayan ɗaya, tana murɗa su duka lokaci guda, kowane zuwa ɓangaren da ƙuri'a ta faɗa, ta gwada nan ta gwada kishiyarsa. Gwaji biyu ke nan a kowane taku, ko maɓallan 5 ne ko 500. Kowane taku shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, amma idan aka tara da yawa kurakuran na kashe juna. Masu gina Stockfish, manhajar wasan dara ta chess da ke cikin wayoyin mutane da dama, suna amfani da ita wajen daidaita lambobin cikinta, inda kowane awo tarin wasanni ne da sakamakonsu ke rawa.

Wacce za a zaɓa?

Babu wadda ta fi a ko'ina. A 1997 David Wolpert da William Macready suka tabbatar da lissafi cewa idan aka haɗa dukan matsalolin da za su iya yiwuwa, babu dabarar da ta fi wata a matsakaici. A aikace ma, Luis Miguel Rios da Nikolaos Sahinidis sun gwada manhajoji 22 a kan matsaloli 502 a binciken da suka wallafa a 2013, kuma ba a sami guda da ta doke sauran a kowane irin matsala ba. Don haka zaɓi ya danganta da amsar tambayoyi huɗu: gwaji nawa ake da damar yi, maɓallai nawa ne, sakamako yana rawa, kuma rami ɗaya ne ko da yawa?

Idan gwaji 'yan gomomi ne zuwa ɗari biyu ko uku, kuma kowane na da tsada, a fara da Optuna ko Ax. Idan akwatin mai santsi ne kuma an san kusan inda amsa take, BOBYQA ko Py-BOBYQA za su fi tsimi. Idan gwaji na da araha, ana iya yin dubbai, kuma filin cike yake da ramuka, CMA-ES ce. Idan akwai sharuɗɗa masu wuya da akwati mai yawan tsayawa, NOMAD. Wanda ke son gwada dabaru da dama a wuri ɗaya zai same su a NLopt ta Steven Johnson na MIT, ko a Nevergrad.

Kafin duk wannan, yana da kyau a gwada zaɓen ƙuri'a zalla, wato a watsa gwaji barkatai. A 2012 James Bergstra da Yoshua Bengio suka nuna cewa wajen daidaita manhajojin koyon na'ura, wannan ya fi bin layi-layi amfani, domin galibi maɓallai ƙalilan ne ke da tasiri na gaske. Duk manhajar da ta kasa doke zaɓen ƙuri'a a kan wata matsala ba ta cancanci wahalar ba.

Gwaji da waya

Ba sai da kwamfuta ba. A buɗe Google Colab a burauzar waya, a shiga da adireshin Gmail, a buɗe sabon shafi. Lissafin a kwamfutocin Google yake gudana, wayar madubi ce kawai. A akwatin farko a rubuta wannan a danna alamar kunnawa:

```
!pip install optuna
```

A akwati na biyu a rubuta:

```
import optuna, random

def gwaji(t):
    gefe = t.suggest_float("gefe", 0, 30)
    sama = t.suggest_float("sama", 0, 40)
    sigina = 90 - (gefe - 18)**2 / 2 - (sama - 26)**2 / 2
    return sigina + random.gauss(0, 2)

nema = optuna.create_study(direction="maximize")
nema.optimize(gwaji, n_trials=60)
print(nema.best_params, nema.best_value)
```

Wannan shi ne farantin satalayit na misalin baya, kuma duk lambobin da aka kawo can daga wannan doka suka fito. Amsar gaskiya gefe 18 sama 26 ce, inda sigina ke kai 90, amma Optuna ba ta san haka ba. Layin ƙarshe na aikin gwaji yana zuba hayaniya da gangan. Gwaji 10 na farko barkatai take yin su, daga nan ta fara bin taswirarta, kuma mai karatu zai ga lambobin na taruwa kusa da 18 da 26.

Akwai darasi a lambar ƙarshe da za ta fito. Tana iya haura 90, alhali siginar gaskiya ba ta wuce 90. Dalili shi ne idan aka ɗauki mafi girma daga awo 60 masu rawa, galibi wanda sa'a ta ɗaga ake ɗauka. Wannan tarko ne da ke kama ƙwararru ma.

Kurakuran da ke cinye kuɗi da lokaci

Na farko, gaskata zakaran da hayaniya ta naɗa. Maganinsa a ware wani kaso na gwaji domin ƙarshe, a ɗauki saiti 3 ko 5 da suka fi, a sake gwada kowane sau da dama, a zaɓa bisa matsakaici.

Na biyu, auna abin da ba shi ake so ba. Manhaja ba ta san niyya ba, lamba kawai take bi. Wanda ya ce a ƙara hasken fuskar waya bai ambaci batir ba zai sami haske da mataccen batir. Duk sharaɗin da ke da muhimmanci sai an shigar da shi cikin lissafi.

Na uku, rashin daidaita ma'auni. Idan wani maɓalli na tafiya daga 0 zuwa 1, wani kuma daga 0 zuwa 100,000, dabaru da yawa za su ruɗe. A mayar da su ma'auni kusan ɗaya kafin a fara.

Na huɗu, mantawa da alkibla. Umarnin minimize na SciPy mafi ƙanƙanta yake nema. Mai neman mafi girma sai ya sa alamar ragi a gaban sakamakonsa.

Na biyar, rashin adana sakamako. Inda wuta da data ba su da tabbas, gwajin sa'a biyu da ya ɓace asara ce tsantsa. Optuna na iya rubuta kowane gwaji a fayil na SQLite ta ci gaba daga inda ta tsaya. A Colab kuwa sai an ajiye fayil ɗin a Google Drive, domin abin da ke cikin zaman yana gogewa idan zaman ya ƙare.

Kammalawa

Duk waɗannan manhajoji amsar tambaya ɗaya suke nema: da ɗan gwajin da ake iya biya, ina ya kamata a gwada na gaba? Kusan dukan waɗanda aka ambata kyauta ne, kuma ana iya karanta abin da aka rubuta a cikinsu. Ɗalibin da ke aikin kammala karatu a fannin injiniya ko noma, da matashin da ke koyon horar da ƙirƙirarriyar basira, duk za su ci karo da akwati mai maɓallai da gwaji mai tsada. Matakin farko mai sauƙi ne: a gudanar da misalin da ke sama, a ɗaga hayaniyar daga 2 zuwa 10, a rage gwajin daga 60 zuwa 20, a ga nisan da amsar za ta yi da 18 da 26.